Sandar Baffa Sambo a Shingen Babana

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, kwana uku bayan Cika-ciki, a shekara ta biyu da dawowar samarinmu da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Na faɗo gidanmu a guje, taɓo har gwiwa, ƙwaryar da aka aike ni da ita kuwa na yar da ita can bakin fadama ban ma sani ba. Shekarata tara a lokacin, kuma Allah ya yi ni da baki. Duk abin da ya faru a ƙauyenmu, in ban riga kowa kai labarinsa gida ba, ranar ba na jin daɗin tuwo. Babana Bukar yana zaune gindin kurna a tsakar gida yana ɗinke komarsa ta kamun kifi, yayarsa Gwaggo Yagana kuma tana can gefe tana juya tarwaɗa a kan banda, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Ko sallama ban yi ba na ce, "Baba, Fulani sun yanke maka shinge. Sun kafa sanda a tsakiyar ruwanka, kuma na ji suna dariya." Har yau ina ganin yadda allurar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi cikin yashi.

Wanda bai tashi a fadamar Haɗeja ba, da wuya ya gane nauyin abin da na faɗa. Ƙauyenmu yana bakin ruwa ne, kan hanyar Guri. In damina ta yi nisa kogi ya cika ya fantsama, gonakin shinkafa da ciyawar burugu duk su shige ruwa, mu yara da an taso daga makarantar allo sai mu wuni muna tsinko bado muna korar dinya, in mun gaji mu fito tudu mu yi carafke. Da kaka ta kama sai ruwan ya fara janyewa, kifin da ya yi ƙiba a fadama ya nemi komawa kogi ta wasu matsattsun mashigai. Kowane gida yana da mashiginsa tun kaka da kakanni. A nan ake kafa shinge na kara da kaba, a bar ƙofofi a jikinsa, a ɗaura gura a kowace ƙofa, wato dogon kwandon nan da in kifi ya shiga ba ya iya juyowa. Abin da aka kama a 'yan makonnin nan shi ne miyar shekara, shi ne suturar sallah. Akwai kuma wata al'ada tsakanin masunta wadda ko yaro ya sani: in mutum ya zo ya kafa sanda a mashigin wani, to cewa ya yi ruwan ya zama nasa, in mai shi ya isa ya zo ya tuge. Ba a yi wa masunci cin fuskar da ya wuce wannan.

Babana mutumin kirki ne, mai kyauta, mai son yara, amma zuciyarsa a kusa take. In ransa ya ɓaci sai ya fara in'ina, maganar ta ƙi fita, daga nan sai hannu ya ƙarasa abin da baki ya kasa. Shekarar da ta gabata ya fasa wa wani mutum kai da filafilin jirgi a kan wata magana wadda daga baya shi kansa ya kasa tuna farkonta. Bulaman ƙauyenmu ya sha wahala kafin ya kashe wutar, kuma a gaban jama'a ya rantse cewa in Bukar ya sake ɗaga hannu a kan wani, ba zai ƙara tsaya masa ba, 'yan doka za su tasa ƙeyarsa zuwa gaban alƙali a Haɗeja. Mun san ma'anar haka. Mun taɓa ganin fursunoni suna sharar bakin kasuwa a birni, kawunansu a aske. Duk gidan mun san rantsuwar nan tana rataye a kanmu, ni ma na sani, amma daɗin kawo labari ya mantar da ni.

Baba ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da mashin kifinsa mai ƙugiya. Innarmu ta saki muciya ta hau salati, tana cewa ya yi haƙuri, ya dubi Allah, ya dubi 'ya'yansa. Wannan kuwa kamar zuba masa mai ne a wuta. Gwaggo Yagana ba ta ko ɗago ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta dawo gidan ubanta da zama, gajeriyar mace ce mai sanyin murya, tana ɗingishi da gwiwar hagu. A ƙauyen nan in miji da mata sun saɓa, ko maƙwabta sun yi cacar baki a kan akuya, ita ake kira, kuma ban taɓa jin ta fara da cewa mutum ya yi haƙuri ba. Takan ce wanda ransa ya ɓaci, in ka ce masa ya yi haƙuri tun bai faɗi abin da aka yi masa ba, ji yake kamar ka koma bayan wanda ya cuce shi. Ba ta tare ƙofa, ba ta riƙe rigar mutum. Abin da take yi shi ne ta rage murya har sai mai ihu ya yi shiru don ya ji abin da take cewa.

Haka ta yi ranar. Baba ya kusa zaure ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Bukar, zo ka kama mini wannan." Ya waiwayo a fusace, sai ya ga tana kiciniyar sauke wani babban faifan kifi daga kan wuta, yana neman kifewa. Yayarsa ce, ita ta goye shi, ba yadda zai yi. Ya jingine mashin ya kama mata, ta sa ya kai can, ta ce a'a ba nan ba, ya dawo da shi nan. Sannan ta ce, "Abin da aka yi maka babba ne, kuma za a je. Amma ni ban ji labarin da kyau ba, hayaƙi ya toshe mini kai. Zara, zo nan ki faɗa mini daga farko."

Na matso ina jin kaina, don a ganina ranar tawa ce. Ta zaunar da ni a gabanta ta fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Me idona ya gani da na isa? Na ce shinge a yanke, da sawun shanu ko'ina a bakin ruwa. An tattake shi ne ko an yanka? Na tsaya na yi tunani, na ce igiyoyin kabar an yanka su da wuƙa, sumul. To gurar fa, ruwa ya tafi da su? Na ce a'a, suna nan a jere a gefe inda ruwa bai da zurfi, an ma danne su da itace. Da kifi a ciki? Na ce da kifi, har suna motsi. Sandar fa, wace iri ce, reshe ne aka karyo? Na ce a'a, sandar Baffa Sambo ce, mai zoben jan ƙarfe a kai, kowa ya san ta. Baba yana tsaye yana huci, amma na lura kunnensa yana wurinmu. Daga nan Gwaggo ta dube ni cikin ido ta ce, "Dariyar kuma, wa kika gani yana yi?"

Nan fa bakina ya mutu. Gaskiyar magana ban ga kowa ba, ban ji komai ba sai kukan tsuntsaye. A kan hanya ne ina gudu na ji labarin kamar bai cika ba, sai na ƙara masa gishiri. Na sunkuyar da kai na ce ban ji dariya ba. Na ɗauka mari zai biyo baya, amma sai ta ce, "To, ɗauke abin da kika ƙara ki ajiye gefe, mu ga abin da ya saura." Kunyar da na ji a wurin ta fi bulala goma zafi, kuma ban taɓa mantawa da ita ba.

Shi Baffa Sambo Bafulatani ne makiyayi, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowace shekara in an gama girbin gero, shi da iyalinsa sukan sauko da shanunsu su kafa ruga a gonarmu ta tudu, shanun su ci kara su bar mana taki, mu ba su hatsi su ba mu nono da man shanu. Haka ubansa ya yi da kakana. Ga shi kuma mu asalinmu Barebari ne, Fulani abokan wasanmu ne, in an haɗu ba a rabuwa sai an yi tsiya an yi raha, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Amma a fushin Baba duk wannan ya zama ƙarin laifi, don cin fuskar na gida ya fi ciwo. Ya ce cikin in'ina, "Ya-yaya, sanda ya kafa mini. Kin san abin da ake nufi." Gwaggo ta ce, "Na san abin da masunci ke nufi in ya kafa sanda. Sambo masunci ne? Ni ban san abin da ya nufa ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin wanda ya zo wulaƙanta mutum ya tsaya jera masa gurarsa ba. Mu je mu tambaye shi. In rainin ne, ni zan fara gaya masa magana kafin kai."

Ta yafa gyalenta, ta sa hannu ta ɗauki mashin da ke jingine, ta ce gwiwarta ta tashi yau, dole sai ta dogara wani abu. Baba ya bar mata shi. Ni kuma ta ce in biyo su, tunda ni na kawo maganar sai in ga ƙarshenta. Muka fara bi ta mashigin. Komai yana nan yadda na faɗa a karo na biyu, ruwa yana wucewa ta inda aka yanke, kifi yana bin sa a banza, abin da ya sa jijiyar wuyan Baba ta sake tashi. Ya shiga ruwa ya fizgo sandar, na ga kamar zai karya ta a gwiwa. Gwaggo ta ce, "Kayan mutane ne, riƙe ta da kyau, da hannunka za ka miƙa masa."

Daga mashigi zuwa rugar ba wata tafiya ba ce, ni a guje kafin a tafasa ruwa na isa. Amma ranar sai da rana ta kusa tsaka muna hanya. Gwaggo ta yi taku uku ta tsaya ta dafa mashi ta yi nishi. Duk wanda muka gamu da shi sai ta gaishe shi gaisuwar nan tamu mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa da sauro da mai jiki, kuma dole Baba ya tsaya ya amsa tasa, don ba a wuce babba ana gaisawa. Muka tarar da masu yankan shinkafa, ta tsaya ta yi musu sannu ɗaya bayan ɗaya. Muka gamu da wani tsoho makiyayin tumaki, sai da ta ji labarin tunkiyarsa da ta ɓata bara. A inuwar wata giginya ta zauna gaba ɗaya, ta ce in ɗebo mata ruwa, ta sha, ta miƙa wa Baba ragowar ya shanye ba tare da ya lura ba. Ni ina ta jin haushi a raina, ina cewa tsohuwar nan za ta sa a gama komai ba mu je ba, ban san babu abin da za a gama sai mun je ba. Kafin mu hango bukkokin rugar, "lafiya lau" ta fita daga bakin Baba ya fi a ƙirga, kuma in'inar ta ragu.

Muka sami Baffa Sambo tsugune gaban wata jar saniya da ke kwance, ɗan maraƙi jiƙe sharkaf yana rawar ƙafa a gefenta. Da ya miƙe sai na ga wani abu ya canja a jikinsa, na daɗe ina kallo kafin na gane: ban taɓa ganin sa ba sanda a kafaɗa ba. Hannuwansa sun rasa inda za su zauna. Gwaggo ta riga kowa magana, da murmushinta, "Ina bawan nan nawa da ba ya zuwa gaida uwargijiyarsa?" Ta gaishe shi, ta gaida shanu, ta yi barka da haihuwar saniya, sannan ta ce, "Sambo, mun tsinci sandarka a ruwanmu. Mu masunta muna da yadda muke fahimtar irin wannan, amma ba mu san naku ba. Shi ya sa muka zo ka faɗa mana da bakinka."

Ya dubi ƙasa, ya yi magana a hankali kamar yadda suke yi. Ya ce da asuba suna ƙetare da shanu, saniyar nan mai tsohon ciki ta kauce ta faɗa shingen, igiya ta naɗe mata ƙafa da ƙaho, kanta yana nutsewa. Ba yadda zai yi sai ya yanke. Ya kwashe gurar ya jera don kada shanu su tattake, ya duba ko'ina bai ga kowa ba, ga saniya ta fara naƙuda. "Adda Yagana," ya ce, "a wurinmu in dabba ta yi ɓarna ba a sami mai abu ba, sanda ake bari, don ya san wanda ya yi bai gudu ba. Wannan ta mahaifina ce. Ba ni da abin da ya fi ta da zan bar wa Bukar."

Na dubi Baba, na ga ya dubi sandar da ke hannunsa, ya dubi mashin da ke hannun yayarsa, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Can ya faɗa wa Sambo abin da kafa sanda ke nufi a wurin masunta. Idon Baffa Sambo ya fito waje, ya ce, "Ni in ƙwace ruwa? In yi me da shi, ni da ko warin kifi ba na so?" Gwaggo ce ta fara dariya, sannan matan rugar, daga ƙarshe Baba, dariyar da ta zo masa da ƙwalla. Ya miƙe ya miƙa sandar da hannu biyu. Bai ɓoye asarar da ya yi ba, ya faɗe ta dalla-dalla, kifin wuni guda ya tafi kuma ruwa ba ya jira, amma ya faɗe ta a zaune, da muryar da ake ciniki da ita. Sambo ya ce gobe shi da ƙannensa za su shiga ruwa a gyara. Suka kuwa zo, kwana biyu suna fama da kaba, ɗaurinsu duk a karkace, Baba yana bi yana kwancewa yana yi musu tsiya.

A ranar, da za mu baro rugar, aka cika mana ƙwarya da kindirmo, Gwaggo ta ce Baba ya ɗauka. Muna fitowa daga gonakin shinkafa muka yi kiciɓis da Bulama da wasu dattawa uku suna sauri, don labari ya riga ya zaga ƙauye cewa Bukar ya fita da mashi. Bulama ya tsaya yana haki, ya dubi mashi a hannun tsohuwa, ya dubi ƙwaryar nono a hannun wanda ya zo kamawa, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya juya. Da suka yi nisa na ji Baba ya ce, "Yaya, da ni kaɗai na tafi..." Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce, "Dubi gabanka, kada ka zubar mana da nono." Sai a lokacin na lura da wani abu: tun da muka baro rugar, mashin yana saɓe a kafaɗarta, ba ta dogara shi ko sau ɗaya ba, kuma sai da na haɗa da ɗan gudu kafin in cim mata.

Baba bai zama wani mutum dabam ba daga ranar. Ya ci gaba da fushinsa har tsufa, amma bai sake ɗaga hannu a kan kowa ba, bai kuma taɓa ganin cikin gidan yari ba. In abu ya taso masa sai ka ji yana tambayar kansa a fili, me na gani, me aka ce mini. Ni kuwa bakina bai mutu ba, har gobe ina son labari, sai dai na koyi kai shi yadda na same shi.

Yanzu Gwaggo da Baba da Baffa Sambo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ruwan ba ya zuwa kamar da, mashiginmu ciyawa ta cinye shi, jikokina ba su san gura ba. Tsakanin manoma da makiyaya kuwa abin da nake ji a rediyo ba ya mini daɗi. Sau da yawa in aka bi diddigi sai a tarar ba wanda ya tsaya ya tambayi ɗan'uwansa me ya nufa. Magana yanzu a waya take tafiya, kafin mutum ya haɗiye yawu ta isa gari goma da gishirinta, kuma babu doguwar hanya da gaishe-gaishen da za su sanyaya jini kafin a haɗu. Nakan yi kewar muryar nan ƙasa-ƙasa cikin hayaƙin banda. Kwanan baya wani jikana ya shigo yana huci, wai maƙwabcinsa ya yi masa abu, zai je ya same shi. Na ce ya zauna ya faɗa mini daga farko, sannan na ce ya jira in raka shi. Na ɗauki sandata muka fita, ina taku uku ina tsayawa.

Ni dai gwiwata da gaske take ciwo, amma ko da ta warke, a hankali zan tafi.